Takardar da Goggo Ta Ɓoye

Shafi na 23

Da sunan Allah Mai rahama muke buɗe shafin yau.

Masu turo mini saƙo cewa Madina ta cika taurin kai, in sa ta durƙusa kawai a wuce wurin, na gani, na kuma gode. Amma haka Allah Ya yi ta, ni ma ba zan lanƙwasa ta ba.

*

Ƙarfe goma saura minti ashirin Madina ta tsaya a ƙofar ofishin Hajiya Yelwa, fayil rungume a ƙirjinta. Goma daidai kwamitin ladabtarwa zai zauna a kanta. Wata guda ya rage a tabbatar mata da aikinta a kamfanin irin shukan nan na hanyar Tirwun, yau kuma za a yanke ko za ta kai watan.

Tun safe aka ɗauke wuta. Janareta na ruri a bayan gini, ƙararsa na bin bango tana shiga mata har cikin haƙora. Robar toshe kunnenta na cikin jaka, amma an hana ta sawa tun ranar da aka ba ta takardar tuhuma.

Ta ƙwanƙwasa sau uku.

"Shigo."

"Goggo, ina kwana."

"Lafiya lau, 'yata. Rufe ƙofar. Kin karya kuwa?"

"Na sha kunu. Goggo, maganar takardata ce ta kawo ni."

Hajiya Yelwa ita ce shugabar sashen ma'aikata. Aminiyar marigayiya mahaifiyar Madina ce tun suna 'yan mata a unguwar Ɗan Iya, ita ta yi mata wankan jego da aka haifi Madina, ita kuma ta nemo wa Madina wannan aikin. Ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur, ta shiga goge shi da gefen mayafi ko da yake ba abin da ya same shi.

"Wace takarda kuma?"

"Ta likita. Wadda na kawo miki sati bakwai da suka wuce, ranar Talata, haɗe da tawa da na rubuta. Na karanta takardar tuhumar sau shida, ko'ina ba a ambace ta ba. Ina so in ji me manaja ya ce da ya gani."

"Zauna."

"Na fi son tsayuwa."

"Madina, na ce ki zauna."

Ta zauna a bakin kujera, yatsunta na murza igiyar fayil.

Ba wani babban abu ta roƙa a takardar ba. A mayar da teburinta ɗakin baya, nesa da janareta. A riƙa ba ta umarni a rubuce, don idan mutum uku suka yi magana a lokaci guda maganar takan cakuɗe mata. A bar ta ta toshe kunne idan tana ƙirga tsiro. Idan kuma za a je taro, a gaya mata kwana guda kafin nan. Kwana huɗu ta yi tana rubutawa tana yagawa kafin ta samu wadda ta yi mata.

Hajiya Yelwa ta jawo jakarta ta hannu, ta zuge. Daga ƙarƙashin carbi da ƙullin goro ta zaro ambulan mai ruwan ƙasa, an ninke shi biyu, gefensa duk ya yamutse.

Madina ta kafa wa ambulan ɗin ido.

"Wannan tawa ce."

"Taki ce."

"Me take yi a jakarki?"

"Ajiya."

"Ba ki kai ba."

"Ban kai ba. Ba kuma zan kai ba."

Ƙarar janareta ta ƙaru a kunnenta, ko kuwa ita ce ta daina iya ture ta.

"Duk Litinin ina tambayarki. Kina cewa tana kan tebur ɗinsa."

"Me kike so in ce miki? Ke ba a yi miki magana ki gane da ido, sai an fasa miki ƙwai." Hajiya Yelwa ta sassauta murya, ta sunkuyo. "Ke yarinya ce, ba ki san garin nan ba. Abin da aka faɗa a ofishin nan da hantsi, kafin la'asar ya kai kasuwar Wunti. Ki kai wa Alhaji Mansir takardar likitan ƙwaƙwalwa da sunanki a kai? Sakatariyarsa ta karanta, direbansa ya ji? Gobe a ce 'yar Hammajoda galahanga ce?"

"Ba haka likita ta rubuta ba. Otizim ta rubuta. Ta ce ba hauka ba ne, ba kuma abin da za a warkar ba ne. Ƙwaƙwalwata ce take aiki daban."

"Ki je ki yi wa matan unguwa wannan bayanin! Su wa za su tsaya su bambance? Ƙannenki mata biyu suna gida. Wa zai taka ƙofar gidan da aka ce akwai irin wannan a jini?"

"Ni aiki nake magana, Goggo."

"Ni kuma rayuwarki nake magana."

Madina ta kai idonta kan kalandar bango, ta shiga ƙirga ranakun Talata, don ƙirga ne kaɗai ke riƙe ta idan abu ya yi mata yawa.

"Zan gaya wa Baffa," ta ce, tana nufin mahaifinta.

Hajiya Yelwa ta sauke ajiyar zuciya.

"Da Baffanki muka yanke."

"Ƙarya ne."

"Ni kike ƙaryatawa?"

"Baffa ne ya kai ni wurin likitar. Shi ya zauna a benci awa uku yana jirana. Da muka fito ya saya mini tsire, ya ce yanzu ya gane dalilin da nake kuka ranar sallah tun ina ƙarama."

"Shi ɗin dai. Washegari ya zo gidana da kansa. Ya ce, Yelwa, na haɗa ki da Allah, kada takardar nan ta fita. Har hawaye ya yi, dattijo da gemunsa." Ta kawar da kai. "Ba ƙin ki muke yi ba, Madina. Rufa miki asiri muke yi."

"Da kin kai, da ranar ta'aziyyar gidan manaja an gaya mini tun ana gobe. Da na shirya. Da ban..."

"Abin da ya wuce ya wuce. Yanzu ki saurare ni da kyau, lokaci na tafiya. Na riga na yi wa Alhaji magana, zuciyarsa ta ɗan yi sanyi. Kina shiga ki durƙusa har ƙasa. Ki ce zazzaɓi ne ya juya miki kai ranar. Ki ba da haƙuri. Idan kuka ya zo, ki bar shi ya zo. Shi ke nan, gargaɗi za a ba ki, a rufe fayil."

"Ba ni da zazzaɓi ranar."

"Na sani!"

"To me ya sa zan ce ina da shi?"

"Innalillahi! Wannan yarinya za ki kashe ni." Hajiya Yelwa ta dafe goshi. "Kowa a duniyar nan da irin wannan yake cin abinci. Harshe ma yana zaune da haƙori ne da dabara."

"Idan na ce zazzaɓi ne, gobe janareta na nan. Jibi a yi wata rasuwa ko suna, a sake cusa ni a bas. Sai in sake cewa zazzaɓi?"

"Sai ki daure, kamar yadda kowace mace take daurewa."

"Shekara ashirin da shida ina daurewa."

Ta miƙa hannu.

"Ki ba ni takardata."

Hajiya Yelwa ta mayar da ambulan ɗin ƙarƙashin carbi, ta ja zif.

"Ba zan ba ki wuƙar da za ki yanka kanki da ita ba. Uwarki ta bar mini amanarki tana kan gadon asibiti. Tashi mu je, goma ta yi."

*

A baranda wasu mata biyu daga sashen ɗinkin buhu suna hira. Suna ganinta suka yi tsit. Ɗaya ta ja mayafi ta rufe baki.

"Ga mai mutanen ɓoyen nan."

"Wane mutanen ɓoye? Girman kai ne. Digiri ne ya hau mata kai."

Madina ta ji. Komai tana ji, matsalarta ke nan. Ta wuce kanta a miƙe, tana taka layin tayil ɗaya bayan ɗaya.

Ɗakin taron na ƙamshin turaren Alhaji Mansir, mai ƙarfi, irin wanda ke kama maƙogwaro. Fanka na juyawa tana ƙiiƙii. Manajan na zaune a tsakiya da babbar riga ruwan toka. A damansa Mista Elias ne, shugaban ɗakin gwaji, wanda Madina ke aiki a ƙarƙashinsa. Hajiya Yelwa ta zagaya ta zauna a hagu, ta yi wa Madina nuni da ido zuwa ƙasa.

Madina ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗan rusuna kamar yadda ake yi wa manya. Sannan ta ja kujera ta zauna.

Hajiya Yelwa ta runtse ido.

"To," in ji Alhaji Mansir. "Madina Hammajoda. Kin san abin da ya tara mu?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Abu uku ne a takardar."

"Faɗi mu ji, tunda kin haddace."

"Toshe kunne a lokacin aiki. Rashin zagayawa gaida manya da safe. Da abin da ya faru a gidanku."

"Abin da ya faru a gidanmu." Ya maimaita a hankali, yana jinjina kai. "Haka kika taƙaita shi. Mahaifiyata ta rasu. Ma'aikata suka cika bas suka zo mini ta'aziyya, Allah Ya saka musu. Yayar mahaifiyata, tsohuwa mai shekara tamanin, ta ga baƙuwar yarinya a rakuɓe, ta jawo ki jikinta don ta sa miki albarka. Me kika yi?"

"Na ture hannunta."

"Kika ture ta! Har ɗankwalinta ya zame, a gaban surukaina. Kika toshe kunnuwa kika fita da gudu ba takalmi, kamar wadda aka jefa. Har yau takalmanki na zaurenmu. Kin san me dangina suka tambaye ni? Wai a ina nake samo ma'aikata."

Madina ta tuna ɗakin. Mata sun fi arba'in, turaren wuta ya haɗu da zafi, wata na kuka, wata na waya, rediyo na karatu, yara na tsallake ƙafafu. Minti tara ta yi tana ƙirga furannin darduma. Sai hannu ya sauko mata a wuya daga baya, ba ta gan shi yana zuwa ba. Daga nan ba ta san komai ba sai da ta ga kanta a bakin titi, kwalta na ƙona mata tafin ƙafa.

"Na rubuta mata takardar ban haƙuri," ta ce. "Na ba direbanka."

"Takarda! Tsohuwar da ba ta karatun boko? Ke komai takarda. Ke kin fi kowa ilimi a kamfanin nan ko?"

"A'a. A ɗakin gwaji Mista Elias ya fi ni. Bayansa sai ni."

Mista Elias ya yi tari ya sunkuyar da kai. Alhaji Mansir ya juya ya dubi Hajiya Yelwa.

"Kin ji ko, Hajiya? Wannan ce kika ce ta yi nadama?"

"Ranka ya daɗe, yarinta ce. Ranar ba ta da lafiya, zazza..."

"Lafiyata ƙalau ranar," in ji Madina.

Hajiya Yelwa ta harare ta.

Mista Elias ya gyara zama. Mutum ne mai sanyin magana, bai cika son shiga rigima ba.

"Yallaɓai, in ka ba ni dama. Ni dai a wajen aiki ban da abin cewa. Ƙwaya ɗari take jerawa a takarda mai laima, ranar bakwai ta ƙirga wadda ta tsiro. Wata goma sha ɗaya ina bin bayanta, ban taɓa kama kuskure ɗaya ba. Ita ta gano irin masarar nan da ya sha zafi a sito, kafin a kai wa manoman Zungur. Abin kunnen nan kuma, gaskiya janareta na jikin tagarta. Ni kaina da yamma kaina ciwo yake."

"Elias, ba tsiro muke magana ba. Tarbiyya muke magana. Kamfanin nan gida ne. Wanda ba zai iya zama da mutane ba, me zan yi da ƙirgarsa?" Ya juyo gare ta. "Tambaya ɗaya zan yi miki, daga ita na gama. Kina da wani dalili da zai sa in bar ki a nan? Dalili, ba gardama ba."

Ƙarƙashin tebur, ƙafar Hajiya Yelwa ta taɓo tata.

Madina ta janye ƙafarta.

Tun tana ƙarama ba ta iya kallon mutum cikin ido. A gida kunya ake ce wa abin, har yabonta ake yi, ana cewa ga 'yar Fulanin asali. Da wannan yabon ta ɓuya shekara da shekaru. Yau ta ɗaga kai ta dubi hular manajan, iyakar inda za ta iya kaiwa ke nan.

"Ina da dalili. Ina da otizim."

"Kina da me?"

"Otizim. Likita ta tabbatar. Ƙara da ƙamshi da taɓawa suna shiga jikina fiye da yadda suke shiga naku. Idan suka taru, jikina yakan gudu kafin in yi tunani. Ban ture yayar mahaifiyarka don raini ba, ban ma san hannunta ba ne. Gaisuwar safe kuma, ofis goma sha huɗu ne, kowanne da irin amsar da yake so. Idan na gama zagayen, awa guda nake yi kafin hannuna ya daina rawa. Shi ya sa nake gaida wanda na haɗu da shi kawai."

Muryarta ba ta hawa ba ta sauka, kamar mai karanta sanarwa. Ta san haka take fita. Ta san kuma mutane na ɗauka ba ta jin komai.

"Ba aljanu ba ne. Ba girman kai ba ne. Ina son aikin nan, ranka ya daɗe. Shi ne wuri na farko da abin da na iya ya yi amfani. Ba na roƙon a rage mini aiki. Ɗakin baya na roƙa, wanda ake ajiye tsofaffin buhuna."

Hajiya Yelwa ta rufe fuska da mayafi.

Alhaji Mansir ya jingina da kujera. Fushin fuskarsa ya ragu, wani abu ya maye gurbinsa, Madina ba ta iya karanta ko mene ne ba.

"Ɗan ƙanwata a Jos," ya ce a hankali, "an ce yana da irin wannan. Amma shi ko magana ba ya yi." Ya dube ta sama da ƙasa. "Ke ga ki da digiri, kina zuba zance. Sai yau da wuta ta kama ki za ki zo mini da sunan ciwo?"

"Ba yau na kawo ba. Sati bakwai ke nan da na rubuto, da takardar likita a haɗe. Tun kafin rasuwar."

"Kika rubuto wa wa?"

"Kai na rubuto wa. Ta hannun sashen ma'aikata, kamar yadda doka ta ce."

Ya juya gaba ɗaya.

"Hajiya Yelwa?"

Hajiya Yelwa ta sauke mayafin. Idanunta sun yi ja. Ba ta dubi Madina ba.

"Ranka ya daɗe, ni ban karɓi wata takarda ba."

"Goggo!"

"Ban karɓa ba. Yarinyar nan tun rasuwar uwarta take da ruɗewa. Babu wani likita, babu wani ciwo a gidansu. Ka yi mata gargaɗi kawai, ni zan ja mata kunne."

Mista Elias ya dubi Madina, ya dubi Hajiya Yelwa.

Alhaji Mansir ya ajiye biro a kan tebur, a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.

"To abin ya wuce maganar takalmi a zaure. Idan yarinyar nan ta ƙirƙiri ciwo don ta kuɓuta, har ta yi wa uwar ɗakinta ƙazafi, yau za ta bar kamfanin nan, kuma ba zan rubuta mata shaidar aiki ba. Idan kuwa ta kawo takarda aka danne, har abin ya kai ga kunyata ni a gidan makoki..." Ya dubi Hajiya Yelwa. "Shekara goma sha tara muna tare, Hajiya. Saura biyu ki yi ritaya da mutuncinki. Amma wallahi ba zan zauna da mai ɓoye mini takarda ba."

Ya sake juyowa.

"Madina, magana ba ta isa ba. Kina da shaida?"

Tana da ita.

Ranar da ta kai ambulan ɗin, ta tarar Hajiya Yelwa ta fita salla, sai ta sa magatakardar sashen ta buga mata hatimin karɓa a kan kwafi, da kwanan wata, kafin Goggo ta dawo ta miƙa mata na ainihin hannu da hannu. Goggo ba ta san da shi ba. Yana cikin fayil ɗin da ke kan cinyarta, takarda ta uku daga sama.

Ta kwance igiyar fayil ɗin.

Sai a lokacin Hajiya Yelwa ta dube ta. Ta dubi fayil ɗin, ta dubi hannun da ke shiga cikinsa.

"Madina," ta ce, da muryar da take kiranta da ita tun tana goye. "Don darajar kabarin uwarki."

Yatsun Madina suka tsaya a kan hatimin.

"Ina jiran ki," in ji Alhaji Mansir, ya miƙo hannu.